Zauren Goggo: Kakarmu ta rasu, gida ya rabu kan yadda za a tuna da ita

TAMBAYA

Assalamu alaikum Goggo, ya aiki, ya jama'a? Kakata wadda ta haifi mahaifina ta rasu watan jiya a Ringim. Inna muke ce mata. Ta haifi goma sha ɗaya, bakwai suna raye, jikoki kuwa sai an zauna da biro da takarda. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe gida bayan rasuwar kakanmu, ni ma a ɗakinta aka yaye ni. Yanzu Baffanmu na Abuja yana so a buga kalanda mai hotonta a raba ranar arba'in, a rubuta ta shekara 105. Mahaifina ya ce ba ta kai ba, taron ma bai yarda da shi ba. Abin da muka sani, ta sha gaya mana tana goyon mahaifina, ɗanta na fari, lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo. Ni tsorona kada 'ya'yana su tashi ba su san komai game da ita ba sai hoto. Me zan yi?

Jikar Inna, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya kyautata namu bayan nata. Ya haƙuri? Jikar da aka yaye a ɗakin kaka ba kaka kaɗai ta rasa ba, ta rasa "kishiya", ta rasa mai ɓoye mata ƙanzo, ta rasa wurin gudu idan an ɗauko bulala. Allah Ya ba ku dangana.

Bari mu fara da shekarun, don Inna da bakinta ta riga ta raba gardamar. Sarauniya ta zo Najeriya a farkon 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna. 'Yan matan karkara na wancan zamani da wuya su wuce sha huɗu ko sha biyar ba a kai su ɗaki ba, haihuwar fari ta biyo baya da shekara ɗaya ko biyu. Mai goyon fari a 1956 ke nan tana tsakanin sha shida da sha takwas, wato an haife ta wajen 1938 zuwa 1940, dab da Yaƙin Hitila ko farkonsa. Ki lissafa da kanki, za ki ga tamanin da 'yan kai ne. Ko da lissafin watan Musulunci aka bi, inda kowace shekara 33 ta Bature ke zama kusan 34, abin da za a ƙara mata bai wuce biyu zuwa uku ba. Mahaifinki ya fi gaskiya. Mu Hausawa da zarar tsohuwa ta fara tafiya da sanda sai mu ba ta ɗari kyauta, don girmamawa ne, amma abin da za a rubuta jikoki su gada gara ya zama gaskiya. Ku rubuta "wajen 1939", ya wadatar.

Batun taron arba'in kuwa, malamai sun daɗe suna saɓani a kai, wasu na yi wasu na ganin ba shi da asali, kuma ba jika ce za ta shiga tsakanin wa da ƙani ta yanke musu hukunci ba. Ki bar wa manya. Abu ɗaya dai za ki iya raɗa wa mahaifinki: kada a taɓa ko kwabo daga abin da Inna ta bari don taro ko buga takarda. Bashi ake fara biya, sai wasiyya idan ta yi, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sannan magada. Kuma tsohuwa mai sana'a irin Inna ba ta rasa ajiyar mutane. A buɗe adakarta a gaban shaidu, a duba ƙullin leda da na tsumma, a tambayi matan unguwa ko tana riƙe da adashi, ko akwai mai kai mata gyaɗa da ba a gama biya ba. Sau da yawa mai ajiyar kunya ke hana ta magana ranar zaman makoki.

Kalanda ba zan ɓoye miki ra'ayina ba. Shekara na juyawa ake sauke ta, ƙarshenta a hannun mai ƙosai, ga hoton baiwar Allah ga addu'a a jiki, mai ya jiƙe su. Idan Baffa na da kuɗin da yake son kashewa don mahaifiyarsa, Allah Ya saka masa, ga hanya: Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Ko gyaran famfon unguwa da ya lalace ya shiga ciki.

Amma abin da ya fi damuna, wanda ba wanda ya ambata a gidanku, shi ne kwanukan Inna. Macen da ta shekara sittin tana dafa tuwo a gida ɗaya, akwai gidajen da kwanonta ke shiga kullum da magariba: wata gwauruwa a ƙarshen lungu, wata ƙawa da ido ya tafi, almajirin da ya saba tsayawa bakin zaure ba sai ya yi bara ba. Ranar da aka ɗauki Inna, ran nan kwanon ya tsaya, su kuwa ba za su zo su ce a ci gaba ba. Ki tambayi yaran gidan da take aika, su suka san ƙofofin. Manzon Allah (SAW) bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Abdullahi ɗan Umar kuma ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, saboda kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Ku jikoki ku yi karo-karo duk wata, ko mudun gero ne da sabulu, a riƙa kai wa mutanen nan da sunan Inna.

Tarihin da kike nema ma yana bakin waɗannan mutanen, kuma shi ne ba ya jira. 'Ya'yanta sun san ta uwa ce kawai; ta yiwu mahaifinki, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta zauna hira da shi. Wadda ta san Inna tana budurwa, ta san waƙar da aka yi mata ranar kamu da ranar da ta yi yaji, sa'arta ce, kuma sa'o'in nata ba su fi a ƙirga da yatsu ba yanzu.

Idan kin je, ki tafi da goro da turare, ki zauna a tabarma, ki nemi izini kafin ki kunna rikodar waya, sannan ki ajiye wayar gefe ki manta da ita. Kada ki ce "ba ni tarihin Inna", za a ce miki mutuniyar kirki ce, Allah Ya jiƙanta, shi ke nan hira ta mutu. Ki tambayi ƙananan abubuwa. Sadakinta fam nawa ne? Wa ya koya mata matsar mai? Nawa ake sayar da kwalba kafin a canza kuɗi zuwa naira a 1973, kuma yaya ta yi da sulallan da ta tara? Me aka ci a gidan lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da gyaɗa ta ƙi? Wane ɗa take goyo da aka kashe Sardauna a 1966, wane ne a ciki da aka kashe Murtala a 1976? Da irin waɗannan za ki jera haihuwa goma sha ɗayan nan a kan shekaru, har da huɗun da suka riga ta, waɗanda in ba a rubuta sunansu yanzu ba sun ɓace ke nan. Za ki ji tsohuwa ta yi shiru, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce "ai wannan shekarar ce...", to ki kama bakinki, kada ki katse ta ko da ta yi kwana ta shiga labarin wani.

Abin da kika samu ki rubuta shi da Hausa yadda aka faɗa, ki tura wa dangi muryoyin, ki kuma ajiye kwafi a wani wuri ban da waya, don waya na faɗawa ruwa. Gwaggwanninki su koya miki ƙulin da hannu, ba da baki ba, daga suyar gyaɗa har murzawa, ki sa 'yarki ta zauna kusa. Turmin da kaskon suyar, idan an zo rabo, ki roƙi mahaifinki ya karɓe su cikin kasonsa.

Kada ki jira arba'in. Ki shiga mota ƙarshen makon nan, ki fara da wadda ta fi tsufa a cikin ƙawayen, kuma ki ja ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa ku tafi tare, ya ji da kunnensa ya kai wa babansa labari.

Goggo