Tambaya da Amsa: Aikin Gidan Yaro, Na Yaro Ne Ko Na Uwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 8, yana aji uku a wata firamare ta kuɗi. Yakan taso daga boko ƙarfe biyu, ya ci abinci, ya tafi Islamiyya ƙarfe huɗu, ba ya dawowa sai dab da magariba. Kusan kullum sai ya zo da aikin gida na darasi uku ko huɗu. Bayan isha'i nake zaunar da shi, sau da yawa babu wuta, ina haska masa fitilar waya yana rubutu yana gyangyaɗi. Idan na ga dare ya yi nisa sai in faɗa masa amsa, wata rana ma yayarsa ce ke rubuta masa, domin idan bai kai aikin ba bulala zai sha. Mahaifinsa kuwa gani yake yawan aikin ne ke nuna kuɗinmu ba su tafi a banza ba. Wane adadi ne ya dace da yaro kamar wannan, kuma ina ne iyakar sa hannun iyaye?
Daga wata uwar yara huɗu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Zan fara da batun rubuta masa da ake yi, domin shi ya fi damuna. Malami yana ba da jinga ne don ya ga abin da ya zauna a kan yaro bayan an tashi daga aji, saboda haka littafin da yaron ya mayar washegari shi ne ke shaida wa malamin inda aka kwana. Idan yayarsa ta rubuta, malami zai sa jar biro ya ba shi goma bisa goma, ya ɗauka cewa yaron ya iya ɗebewa mai aro, ya wuce zuwa lissafin sau, alhali an bar rami a baya wanda babu wanda ya san da shi. Ramin ba zai fito ba sai ranar jarrabawa, lokacin da babu uwa babu yaya a kusa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Littafin da ya koma da kuskure uku da hannun yaron ya fi masa amfani a kan wanda ya koma tsaf da hannun wani.

Game da adadi, akwai ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka, wanda ƙungiyar malamai da ƙungiyar iyaye ta ƙasar suka amince da shi, wato minti 10 a kowane aji: ɗan aji ɗaya minti 10, ɗan aji uku minti 30, ɗan aji shida awa guda, kuma wannan jimillar dukkan darussa ce, ba kowane darasi da nasa ba. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan wannan batu ya fitar da sakamako a 2006, ya gano cewa alaƙar yawan aikin gida da cin jarrabawa ta fi ƙarfi a sakandare, a firamare kuwa rarrauna ce ƙwarai. Wasu ƙasashe sun wuce nan. Faransa ta hana ba wa 'yan firamare aikin gida na rubutu tun 1956, sai dai karatu ko haddar darasi, ko da yake malamai da yawa ba su daina ba. Ƙasar Sin ma a 2021 ta hana jingar rubutu ga aji ɗaya da aji biyu, ta kuma ƙayyade wa aji uku zuwa shida abin da bai wuce minti 60 ba.

Sai dai akwai abin da waɗannan ma'aunai ba su lissafa ba, wanda mu dole mu lissafa. Yaronki makaranta biyu yake yi, kuma ita ma Islamiyya tana da nata aikin gidan, wato hadda da tilawa, waɗanda ba a yinsu da gajiyayyar ƙwaƙwalwa. Likitocin yara suna ba da shawarar cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12, to yaron da za a tasa da asuba ya kamata a ce tara na dare ta same shi a shimfiɗa. Gyangyaɗin nan da kike gani ba lalaci ba ne.

A ganina, ki ɗauke aikin daga dare ki dawo da shi rana. Bayan ya ci abinci ya ɗan huta, ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ga fensir a fiƙe, ga hasken da ba ya jiran NEPA, ya yi minti 20 ko 30 kafin tafiya Islamiyya. Idan tasu Islamiyyar tana hutun Alhamis da Juma'a, kamar yadda da yawa suke yi, sai a ajiye aikin mai tsawo zuwa waɗannan ranaku. Idan ya cije, kada ki faɗi amsa, ki tambaye shi yadda malam ya yi a kan allo. Misali an ce ya ɗebe 17 daga 42: ki samo tsinken tsintsiya ki ɗaura goma-goma har ɗauri huɗu, ki ajiye tsinke biyu a gefe, ki ce ya cire bakwai. Da kansa zai ga biyu ba za su isa ba, sai ya kwance ɗauri guda, kuma wannan kwancewar ita ce aron da ya kasa ganewa a aji. Idan lokaci ya cika bai gama ba, ki rubuta a ƙasan shafin cewa ya yi ƙoƙari na rabin awa, tambaya ta huɗu ce ta gagare shi, ki sa hannu.

Shi kuma maigida, da girmamawa, yawan jinga ba ya auna ingancin makaranta, hasali ma wasu makarantun kuɗi suna jibga ta ne saboda sun lura da ita iyaye suke auna su. Abin dubawa shi ne ko ana gyara aikin, ko kuwa alamar jar biro kawai ake ja a wuce. Zai kyautu ku tafi tare ku ga malamin aji, ku bayyana masa yadda yinin yaron yake, domin sau da yawa kowane malami yana ba da nasa ne bai san abin da ɗan'uwansa ya bayar ba. Batun bulala kuma ku kai shi gaban hedimasta ko taron iyaye da malamai, tunda tsoronta ne ya sa aka fara rubuta masa tun farko.

TAMBAYA: Ni ban yi boko ba, 'yata tana aji biyar, kuma duk aikinta da Turanci ne. Ta yaya zan taimaka mata?
Daga wani uba, Funtuwa.

AMSA: Malam, akwai abin yi da yawa wanda ba ya buƙatar Turanci. Ka zaunar da ita ta karanta maka shafin da ƙarfi, sannan ta faɗa maka da Hausa abin da ta karanta, domin yaron da ya iya mayar da darasi cikin harshensa ya fahimce shi, wanda ya tsaya yana kame-kame kuwa kai ma za ka gane. Ka riƙa buɗe littafinta kana duba ko akwai jar biron malami a shafukan baya-bayan nan. Ka kuma yi magana da mahaifiyarta a ɗauke mata wanke-wanke da aike na tsawon minti 50 ɗin da take buƙata, tunda 'ya'ya mata ne aikin cikin gida ya fi cinye wa lokaci. Idan akwai ɗan sakandare a maƙwabta da zai riƙa yi mata bayani, ka sharɗanta masa cewa fensirin a hannunta zai zauna.