Ɗaki biyu ne kacal: mu tsaya ko mu wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Za mu yi doguwar tafiya ni da yarana uku, hanyar kuma ta ratsa hamada. An ce mana akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihin namun daji a bakin hanya, ɗaki biyu ne kacal, yawancin dabbobin ma matattu ne da aka busar aka tsayar. Su kuwa yaran zaki da giwa suke son gani. Mu tsaya, ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ku tsaya. Amma tun kuna mota ki faɗa wa yaran gaskiya cewa ba gidan zu za ku ba, don kada su shiga da ɗokin zaki su fito da fushi.

Dalilina shi ne, kina iya yini guda kina ratsa hamada ba ki ga ko ƙadangare ba, har ki rantse babu mai rai a wurin. Akwai su, ɓoye suke. Da tsakar rana zafin saman rairayi kan haura digiri 70 a ma'aunin Selshiyos, don haka yawancin dabbobin suna cikin rami ko gindin dutse, sai dare ya yi su fito. Irin wannan gida shi ne kusan wuri ɗaya da matafiyi zai gan su ido da ido, ya ƙare musu kallo a tsanake.

In kun shiga, kada ku bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya kuna karanta suna. Yara kan gaji da haka cikin minti goma. Ki ba su tambaya ɗaya su riƙe: ina wannan dabba take samun ruwa, kuma yaya take tsere wa zafi? Jikin kowace dabba yana ɗauke da amsar. Yanyawar Sahara nauyinta bai fi kilo ɗaya da rabi ba, amma tsawon kunnenta kan kai santimita 15. Da shi take fitar da zafin jiki, da shi kuma take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin rairayi. Ki sa su duba tafin ƙafarta, akwai gashin da ke kare ta daga ƙuna. A hamadar Amurka ta Arewa akwai wani ɓera mai tsalle da kan rayu ba ya shan ruwa, jikinsa ne ke samar da ruwan daga ƙwayoyin da yake ci. A hamadar Namib kuwa wani buzuzu ne ke hawa tudun rairayi da asuba, ya kifa kai ƙasa, hazo ya taru a bayansa ya gangaro bakinsa. In akwai kunama, ki tambayi ma'aikacin ko suna da fitilar nan mai haske shuɗi-shuɗi da ke sa jikinta ƙyalli a duhu. Wannan kaɗai kan mantar da yaro zancen giwa.

Inda na fi so ki daɗe shi ne gaban ƙahonin mariri, wata babbar dabbar daji dangin barewa, in suna da su. A shekarar 2000 aka ayyana cewa maririn Sahara, mai dogon ƙaho lanƙwasasshe, ya ƙare a daji, farauta da mota da bindiga ta cinye shi. Waɗanda aka kiwata a killace ne suka ceci irinsa. A 2016 aka kwaso wasu daga Abu Dhabi aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na ƙasar Chadi, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ɗan'uwansa na Larabawa ya riga shi bin wannan hanya: ya ɓace a daji a 1972, aka mayar da shi Oman a 1982. Sai dai labarin bai tafi sumul ba, domin a 2007 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta soke sunan gandun nasa na Oman daga wuraren tarihi na duniya bayan an zaftare kashi 90 cikin 100 na faɗinsa, kuma shi ne wuri na farko da aka taɓa yi wa haka. Ni a ganina gidan da ya ba da rabin labarin mai daɗi ya ɓoye ɗaya rabin bai cika aikinsa ba.

Hakan ya kawo ni ga yadda za ki gane gidan kirki. Ki tambayi ma'aikacin daga ina dabbobin nan suka fito. A gidan da ya san aikinsa za a ce miki wannan mota ce ta buge shi, wancan an ƙwace shi ne daga hannun mafarauta, kuma akwai rubutu a ajiye. In kika ga ana sayar da fata, ko ƙaho, ko ƙoƙon kunkuru a bakin ƙofa, kada ki saya. Ban da cewa cinikin ne ke ƙarar da su, yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wadda ta fara aiki a 1975, ta taƙaita tsallaka iyaka da sassan dabbobi da dama, ana iya ƙwacewa a hannunki.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada yaran su taɓa busassun dabbobin. A da, da gubar asanik ake shafe fatar don kada ƙwari su ci, kuma tsofaffin suna ɗauke da ita har yau. In hannu ya kai, a wanke kafin a ci wani abu.

Ku je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rayayyun da ke wajen, in akwai, suke motsi. Ki kira tukuna ki tabbatar a buɗe yake, don ƙananan gidajen nan sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su. Sa'a ɗaya ta ishe ku. Da kun fito, ki bar yaran su zagaya gefen ginin da takalma a ƙafa, su nemi sawun abin da suka gani a ciki, ba tare da sa hannu a rami ba.