Shin Matan Tsohuwar Girka da Rum Sun Samu 'Yanci Irin na Maza?

Tambaya: Malam, ana yawan cewa dimokuraɗiyya daga tsohuwar Girka ta samo asali. Shin matan can sun samu 'yanci daidai da maza, kuma yaya aka ɗauki sha'anin aure da zina a wancan zamani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, dimokuraɗiyyar birnin Atina na ƙasar Girka ta maza ce zalla, domin mace ba ta kaɗa ƙuri'a, ba ta zama a majalisa. Tun daga haihuwa har mutuwa tana ƙarƙashin waliyyi, ko uba ko miji ko ɗanta. Akan aurar da ita tana da shekara 14 ko 15 ga mai shekara 30, kuma doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya haura kuɗin sha'ir kimanin lita 52. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne halin 'yar da ubanta ya rasu bai bar ɗa namiji ba, domin dangin uba mafi kusa yana da ikon aurenta don kada dukiya ta fita daga zuri'a, wani lokaci ma sai an raba ta da mijinta.

Sparta, wani birnin na Girka, ta sha bamban, inda 'yan mata ke motsa jiki a fili, mata kuma ke mallakar gonaki, har masanin falsafar Girka Aristotil ya ce kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar yana hannunsu.

Matan Rum sun fi na Atina sakewa, kuma a shekara ta 195 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun cika tituna har aka soke dokar da ta taƙaita musu ado da zinariya. Sai dai a batun zina ba a yi musu adalci ba. Dokar da Sarki Agustus ya kafa a shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa ta tilasta wa miji sakin matar da aka kama, sannan a ƙwace kashi ɗaya cikin uku na dukiyarta a kore ta zuwa wani tsibiri, alhali magidancin da ya kwana da baiwarsa ko karuwa ba a ɗauke shi mazinaci ba, ita baiwar kuwa ba ta da bakin cewa a'a. Agustus bai ɗaga wa 'yarsa ta cikinsa, Juliya, ƙafa ba, domin a shekara ta 2 kafin haihuwar Annabi Isa ya kore ta zuwa tsibirin Fandateriya bisa zargin zina.