Tambaya da Amsa: Komawa Tuƙin Ƙaramin Jirgi Mai Waya Bayan Dogon Hutu

Tambaya: Lokacin da nake karatu a Amurka a farkon shekarun 1980 na koyi tashin ƙananan jiragen nan da ake tuƙawa da wayoyi biyu, mutum yana tsaye a tsakiyar fili jirgin yana kewaya shi. Yanzu na yi ritaya, kuma da nake gyaran ɗakin ajiya na ci karo da tsohon jirgina ƙirar Ringmaster, da injinsa Fox 35, da wayoyinsa a naɗe. Injin ya ƙi juyawa ko da hannu. Shin kayan nan za su sake amfani? Kuma mai shekara sittin da 'yan kai zai iya jure hajijiyar, ko gara in koma ga masu rimot? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, barka da hutawa, Allah ya sa albarka a ritayar. A taƙaice, injin zai fi komai saurin farfaɗowa, wayoyin ba su da sauran amfani, jikin jirgin abin tuhuma ne, kai kuma za ka iya, muddin ba ka nemi ka fara daga inda ka tsaya shekara arba'in da suka wuce ba.

Domin masu karatun da ba su taɓa ganin wannan wasa ba, ga yadda yake. Matuƙi yana riƙe da mariƙi wanda wayoyi biyu suka fita daga gare shi zuwa fiffiken jirgi na hagu, su shiga ciki su kama wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, shi kuma ya tura sandar da ke ɗaga faifan jela ko ta sauke shi. Idan aka ja wayar sama jirgi ya ɗaga kai, idan aka ja ta ƙasa ya sunkuya, tamkar yadda doki ke jin linzami. Jim Walker na birnin Portland ne ya yayata tsarin da jirginsa Fireball a 1940, kuma har yau hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, tana shirya gasarsa a rukuni huɗu: gudu, wasan gwaninta, tseren ƙungiya da kuma faɗa, inda jirage biyu ke ƙoƙarin yanke ƙyallen da kowannensu yake ja a baya. A rukunin gudu ana haura kilomita 300 a awa da injin da girmansa bai wuce cc 2.5 ba.

Abin da ya kafe injinka, a mafi yawan lokuta, man zurmar da ke cikin man da yake sha ne ya bushe ya zama danƙo, ba lalacewa ba ce. Kada ka ɗaura farfela ka murɗa da ƙarfi, domin nan ne ake lanƙwasa sandar fistin. Cire fulogi da marfin baya, ka jiƙa injin a cikin metanol, wato sinadarin da shi ne ainihin man da injin ke ƙonawa, kwana ɗaya ko biyu, ko ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi har danƙon ya saki, sannan ka riƙa motsa shi a hankali. Ka sa sabon fulogi da sabon tiyo, ka wanke allurar mai, ka duba cikin tanki ko ya yi tsatsa. Bayan haka ka ɗaure shi a kan benci ka tayar da shi sau da yawa kafin ya koma jikin jirgi. Fox 35, wanda Duke Fox ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, inji ne mai fistin ƙarfe da ke son maiƙo da yawa, wato kashi 25 zuwa 29 cikin ɗari na abin da yake sha, akasari man zurma, da nitro, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, kamar kashi 5, sauran kuma metanol. Man da ake haɗa wa injinan jiragen rimot na zamani bai kai wannan maiƙo ba, kuma zai cinye shi da wuri. Fetur ba ya aiki a irin wannan inji, baƙin man mota kuma ba ya gauraya da metanol. Idan akwai ragowar tsohon mai a galan, ka rabu da shi, domin metanol yana tsotsar ruwa daga iska. Ka tuna kuma guba ne, wutarsa ma da ƙyar ake ganinta da rana, saboda haka ba abin ajiyewa ba ne inda jikoki ke kai hannu.

A kan wayoyi ba ni da sassauci ko kaɗan. Wayar da ta shekara arba'in a naɗe tana iya yin ƙyalli a ido alhali tsatsa ta ci ta a bakin ƙulli, inda ba a gani, kuma lanƙwasa guda ɗaya ta isa ta tsinke. Ringmaster da Fox 35 suna tashi ne a kan wayar ƙarfe tufkakkiya mai kaurin milimita 0.38, tsawonta kamar mita 18. Da wannan tsawo jirgin yana kammala zagaye a cikin daƙiƙa biyar ko kusa da haka, wato yana gudun kimanin kilomita 80 a awa. Idan waya ɗaya ta tsinke, faifan jela zai tafi gefe guda gaba ɗaya, jirgin ya kife ko ya caki ƙasa. Idan biyun suka tsinke, abu mai farfela ya nufi 'yan kallo ba mai riƙe da shi. Shi ya sa a wajen gasar gwaninta ake gwada kowane jirgi kafin ya tashi, a ja mariƙi da ƙarfin da ya ninka nauyin jirgin sau goma. Jirgi mai nauyin gram 900 sai ya jure jan kilo 9. Ka yi wannan gwaji da ɗan sikelin rataya kowace ranar tashi, kuma ka sa wa mariƙi maɗaurin da ke zagaye wuyan hannu.

Wannan gwajin ne kuma zai faɗa maka gaskiyar jikin jirgin. Katakon balsa da ya sha maiƙo a wajen hanci yana yin laushi, tsohon gam yana ƙeƙashewa, ƙyallen da ke riƙe da faifan jela yana ruɓewa. Ra'ayina shi ne ka rataye tsohon a bango har sai hannunka ya dawo, ka harhaɗa sabo irinsa, domin Ringmaster, wanda Matt Kania ya zana a farkon shekarun 1950, har yanzu ana samun zanensa da kayan haɗinsa. Wanda ya dawo bayan dogon hutu kusan dole ne ya fasa jirgi ɗaya ko biyu, kuma bai kamata wanda ka haɗa da hannunka kana ɗalibi ya zama na farkon fashewa ba. A sabon, ka tabbata akwai ɗan nauyi a ƙarshen fiffiken waje, wato na dama, kuma hanci ya ɗan fi jela nauyi, domin jirgin da jelarsa ta rinjaya ba ya yafe kuskure.

Hajijiya gaskiya ce, kuma ita ce ke korar yawancin masu dawowa a makon farko. Cikakken tanki yana ɗaukar minti biyar zuwa shida, wato juyi sama da sittin, kuma injin ba shi da maƙulli, sai man ya ƙare. Mutane sukan ɗauka cewa ƙaramin jirgi mai injin Cox 049 ya fi sauƙi, amma wayarsa gajera ce, mita 10 zuwa 12, don haka ya fi saurin juya mutum. Irin wanda kake da shi ya fi dacewa da kai. Ka fara da rubu'in tanki. Ka kafa ido a kan jirgin, kada ka kalli bishiyoyi da gidajen da ke wucewa a bayansa, ka riƙa taka ƙafa a ɗan ƙaramin da'ira maimakon murzawa a kan dunduniya. Ka miƙe hannu, ka kafe wuyan hannu, ka tuƙa daga kafaɗa: ɗaga hannu jirgi ya hau, sauke shi ya sauko. Jiki yakan saba bayan 'yan kwanaki na gajerun tashi. Idan kana shan maganin hawan jini ko kana da ciwon kunne, ka fara jin ta bakin likitanka.

A nan ne jirgi mai waya da ke aiki da batir ya fi, kuma ina ganin ya kamata ka yi tunaninsa sosai, musamman idan samun nitro zai yi maka wuya. Ana sa masa 'yar na'urar ƙidayar lokaci wadda za ka saita ta a minti ɗaya, ta jira ka isa tsakiyar fili kafin farfela ta fara juyawa, ta kuma kashe kanta. Babu maiƙo, babu ƙarar da za ta haɗa ka da maƙwabta, ƙurar hunturu ma ba ta samun fistin da za ta goge. Sai dai batirin litiyam ba ya son zafi, ba a barinsa a cikin mota da rana, ba a kuma cajinsa a tafi a bar shi.

Batun fili shi ne wanda ba a wasa da shi. Kana buƙatar sarari mai faɗin aƙalla mita 50, da izinin masu shi, nesa da filin jirgin sama, kuma nesa ƙwarai da wayoyin lantarki, domin wayar da ke hannunka ƙarfe ce, kuma an yi asarar rayuka a wannan wasa ta wannan hanya. Idan hadari ya haɗo, ka naɗe kayanka. Ka fita da sassafe kafin iska ta tashi, ka ajiye jirgin yadda zai fara gudu yana bin iska, domin ta tura shi waje wayoyi su miƙe, kuma duk wata gwaninta ka yi ta iska tana bayanka. Idan ka ji wayoyi sun saki, ka ja da baya da sauri. Ka samu babban mutum ya riƙe maka jirgin ya sake shi da alamar hannunka, wani kuma ya tsare yara, domin ƙarar injin za ta tara su cikin minti biyu. Rimot kuwa wasa ne daban mai nasa daɗin, amma a can ido kaɗai ke aiki. Jan da kake ji a tafin hannu lokacin da jirgi ya shiga iska, a wannan kaɗai ake samunsa. Wasannin gwaninta irin su juyin ƙwarya da tashi a kife ka bar su sai ka iya yin tanki guda cur a tsayin kafaɗa ba tare da jirgin yana hawa da sauka ba.