Durƙuso da Zobe: Me Ake Ce Masa da Hausa?

Wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a Ingila ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, a nan idan Disamba ta kama, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, samarin Turawa kan durƙusa gaban budurwa da zobe a hannu su roƙi ta aure su. Ni ma zan zo gida hutun hunturu na sati uku, kuma akwai wadda nake so. Mene ne sunan wannan durƙuson da Hausa, don in san abin da zan ce wa mutanen gida na zo yi?"

Ɗana, ba shi da suna, kuma kada ka wahalar da kanka wajen ƙago masa. Harshe ba ya raɗa wa abin da masu shi ba sa yi suna. Bahaushe yana durƙuso, amma gaban iyaye da malamai da sarakuna. Gwiwar ma ka yi hattara da ita: in ka ji an ce mace tana kan gwiwa, naƙuda take yi.

Abin da Bature ya dunƙule a durƙuso ɗaya, mu rarraba shi muka yi, kowane mataki da sunansa da masu yinsa. Naka kason shi ne zance, wanda wasu ke ce wa taɗi ko hira. A nan za ka ji ra'ayinta. In ta amince, ba lallai ka ji "zan aure ka" daga bakinta ba. Abin da za ka ji shi ne "ka turo". Kalma biyu ce, amma duk amsar tana ciki: ka turo magabatanka. Daga nan maganar ta bar hannunka.

Sai na-gani-ina-so, 'yar kyautar farko da ake kaiwa gidansu don a san da kai. Ina son wannan suna, jimla ce sukutum aka mayar da ita kalma, kamar yadda muka yi da faɗi-tashi da ka-ce-na-ce. Sai gaisuwar iyaye, sai tambaya. Jerin yakan sha bamban daga gari zuwa gari, har daga gida zuwa gida, don haka ka tambayi gwaggonka yadda ake yi a gidan yarinyar.

Kalmar da ta fi kusa da abin da kake nema ita ce baiko. Tushenta bayarwa ne, daga "ba" ko "bai wa", shi ya sa a wasu wuraren baiwa ake cewa. Duba da kyau wa ke bayarwa, wa ke karɓa. Baffanninka ne za su je da goro da alewa su zauna da nata, su nema maka, a ce musu "mun ba ku". Ba a ce "mun ba shi". Kai kanka ba ka wurin, galibi mahaifinka ma ba ya zuwa, ƙaninsa ko yayansa yake wakiltawa. Da an yi baiko ƙofa ta rufe ga sauran manema, domin shari'a ta hana nema cikin nema. Malaman fiƙihu suna kiran neman auren hiɗba, wadda tushenta ɗaya da huɗuba a Larabci. Saboda haka in an tambaye ka a gida, ka ce ka zo ne a nema maka aure.

Sati uku kuwa kaɗan ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fafewa ita ce a yanke bakin gora a ƙwaƙule cikinsa, a jiƙa shi ɗacin ya fita kafin a zuba ruwan sha. Wanda ya bari sai ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Ka buga wa manya waya tun yanzu, domin su ma sai sun yi bincike a kan gidan, can ma za a yi a kanka.

Akwai ɗan gyara a "hutun hunturu" da ka rubuta. Hunturu iska ce, busasshiya mai ƙura, da ke busowa daga Sahara ta arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Abin da ke damunku a Ingila sanyi ne mai laima. Namu na hunturu, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa, ɗari ne, da jan wasalin farko, kada ka haɗa shi da ɗari ta lissafi. Ka ce hutun ƙarshen shekara, ka huta. Amma lokacin ya yi maka daidai: tun da can bayan kaka ake yawan aure, an cika rumbu, an sayar da gyaɗa da auduga, manomi ya sami abin sadaki. Shi ne kuma lokacin da ake tsokanar gwauraye da cewa ɗari zai gama da su.

Wata baiwar Allah daga Zariya kuma ta tambayi ma'anar "rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya".

Hajiya, ranar nan ba ta sama ba ce, ranar da aka sa ce. Bayan baiko akan yi sa rana, a tsayar da lokacin biki. Wata shida kan yi kamar shekara a ranar da aka yanke shi, sai a wayi gari ya zo. Kayan ɗaki da gara a wuyan gidan amarya suke, kuma idon mata a kan uwa yake, ita za a duba in gado bai iso ba ko jere bai cika ba. Yau ana faɗarta ga duk wa'adin da ya cika, ko na bashi ne ko na jarrabawa. Ki lura da "ɗiya": a Kano 'ya ake cewa, ɗiya ta mutanen Sakkwato da Katsina da Nijar ce, amma Bakano ma in zai yi wannan karin magana ɗiya yake cewa.