Amsar da na ba ƙanenmu mai haɗa wasan jiragen sama

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce a wasan da kake haɗawa, wanda mutum zai riƙe kamfanin jirage ya buɗe hanyoyi, ka ninka yawan mutanen gari biyu ka raba da nisa, sai ga jirgin Maraɗi zuwa Kano yana cika maƙil kullum. Kana tambaya ina gyaran yake.

To, lissafin naka yana da asali, tun 1946 wani Ba'amurke mai suna Zipf ya rubuta irinsa. Amma ka manta da mota. Wallahi nan matsalar take. Daga nan Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba. Ɗan kasuwa zai sallame asuba, ya bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, kafin la'asar yana Kantin Kwari yana taya atamfa, kuma a motar zai ɗoro dilarsa ya dawo. Me zai kai shi filin jirgi? Saboda haka duk tafiyar da mota ke gamawa cikin 'yan awowi, ka sa jirgi ya samu ɗan kaɗan ƙwarai. Yamai kuwa daban ce. Wajen kilomita 660, ka wuce Konni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda kana zaune cikin bas har ƙafa ta kumbura. A nan jirgi ke da magana. Shi ma ba kowa ba: ma'aikacin gwamnati, ɗan ƙungiyar agaji, alhajin da ke da taro da safe. Ɗalibi bas zai shiga ko da jirgin saura kujera 20.

Ke nan ka kasa fasinja kashi-kashi. Wani kuɗin tikiti yake dubawa, ka ƙara jika biyar ya gudu. Wani lokaci yake dubawa, shi ranar tashi da yawan tashi a mako suka dame shi. Kowane kashi ka ba shi ma'auninsa, sannan ya zaɓa tsakanin jirgin ɗan wasa, jirgin abokin hamayya, mota, ko ya fasa tafiyar. Wannan ta ƙarshen kada ka bar ta, mutane na fasawa.

Sannan ka lissafa daga inda mutum ya fito zuwa inda za shi da gaske. Bamaraɗen da ka gani a jirgin Yamai wataƙila Dubai ya nufa, Yamai zango ce kawai.

Sai lokaci. Don Allah ka sa kalandar Musulunci cikin wasan. Hajji da umarar azumi suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, in ka kafe su a wata ɗaya na bature, ɗan nan ƙasar yana gani zai gane. Ka kuma bar ƙofar abin da ba a zata ba, kamar rufe iyakar Najeriya da muka gani a 2023.

Kaya kuwa, kada ka ɗaura su a jikin fasinja. Fasinja in ya je yana dawowa, kaya ba sa dawowa. Wayoyi, magani, kayan gyaran inji suna shigowa da tsada da sauri, amma me zai fita? Ayarmu da albasar Galmi nauyi ne mai arha, babbar mota ce tasu. Kilishi ko fatar jar akuyar Maraɗi da aka jeme, su ne za su ɗan iya biyan kuɗin jirgi. Don haka ka ba kowane kaya darajar kilo ɗaya, da kwanakin da yake jurewa, ka lissafa zuwa daban, dawowa daban.

Ka fara da gari biyar kawai, Maraɗi, Yamai, Damagaram, Agadas da Kano. Ka turo mini teburin in ka gama, gobe bayan isha'i mu duba tare.