Oga Ba Ya Amsa Saƙona, In Ya Amsa Sai Ya Ce "Me Kike So In Yi?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata bakwai kenan da fara aikina a wani kamfani, ni ce nake kula da shigar kaya da fitarsu, to kusan kullum sai na tura wa oga imel ko saƙon WhatsApp. Wlh zama nake in rubuta komai dalla-dalla tun daga yadda abu ya faro amma sai ya kwana biyu bai amsa ba, in ma ya amsa sai ya ce "to yanzu me kike so in yi?" Satin da ya wuce mota ta tashi babu kayanmu don bai sa hannu da wuri ba, kuma ya ce wai ban faɗa masa abin gaggawa ba ne alhali yana nan cikin saƙon. Raina ya ɓaci sosai. Laifina ne ko shi ne ba ya karatu?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da haƙuri, na san akwai ciwo mutum ya yi aikinsa tsakani da Allah a ƙarshe a ɗora masa laifi. Oganki ya kamata ya karanta, wannan ba tantama, amma kinga shi ba ya hannunmu, rubutunki ne yake hannunmu, kuma daga yadda kika ce kina farawa "tun daga yadda abu ya faro" na gane inda gizo ke saƙar.

Ke kina rubutu ne kamar mai ba da labari, abin da ya fara faruwa shi ne a sama, buƙatarki tana can ƙasa a layi na goma sha wani abu. Shi kuma yana duba wayarsa ne tsakanin mitin da mitin, ga saƙonni jibge, layi biyu na farko zai gani ya yanke hukunci ko na yanzu ne ko na anjima, kuma anjiman nan ita ce take zama kwana biyu. To juya shi za ki yi. Abin da kike so ya yi, da ranar da kike so, su ne farko, dalili ya biyo baya, tarihin kuma ya koma ƙarshe ga mai son karantawa. Sojojin Amurka har suna gare ta wannan ƙa'idar, BLUF suke ce mata, wato a fara da inda zance zai ƙare.

Da saƙon satin jiya ya fito haka: "Ranka ya daɗe barka da safiya. Ina buƙatar sa hannunka a takardar odar kwali 40 kafin ƙarfe 2 na ranar Laraba. In ta wuce haka motar za ta tashi babu kayanmu sai wani satin. Ga takardar na haɗo, yadda aka yi kuma yana ƙasa." Shikenan. Ba rashin ladabi a ciki, gaisuwa tana nan girmamawa tana nan, kuma ba zai taɓa cewa bai san da gaggawa ba. In imel ne ma tun a kan saƙon ki sa "Sa hannu kafin Laraba ƙarfe 2: odar kwali 40", ki bar irin su "Sanarwa" ko "Game da kaya" don ba sa gaya wa kowa komai.

Kar ki ɗauka matsalar yau ce. Ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakar yaƙin duniya na biyu jiragen Jamus na kai wa Ingila hari, firaminista Winston Churchill ya zauna ya rubuta wa majalisar yaƙinsa takarda guda kan tsawon rahotanni kawai, yana kukan cewa suna cinye lokaci kuma sai an sha wahala kafin a tono ainihin maganar a ciki, ya nemi a riƙa kawo manyan batutuwa a gajerun sakin layi.

Amma fa gajarta kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake so ki tsaya sosai. Yawancin saƙon da ya rikice, tun a kan mai rubutun ya rikice, bai gama yanke abin da yake so ba ya fara bugawa yana fatan mai karatu ya yanke masa. Kafin ki taɓa waya ki faɗa wa kanki a jimla ɗaya: so nake wane ya yi kaza kafin kaza. In jimlar ta ƙi fita to ba rubutu ne ya rage miki ba, tunani ne. Kuma in matsala kika kawo ki zo da mafita, ki ce ga hanya biyu, ni na fi ganin ta farko saboda kaza, sai aikinsa ya zama "eh" ko "a'a" kawai. A 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya hana amfani da PowerPoint, manhajar nuna bayani a allo, a mitin ɗin manyan ma'aikatan Amazon, ya ce a riƙa rubuto bayani da cikakkun jimloli, a zauna shiru a karanta kafin a fara magana. Ni hikimar da na gani a ciki ita ce cikakkiyar jimla tana tilasta ka ka sa "saboda" da "don haka" da "amma", kuma da zarar ka rubuta "saboda" dole dalili ya biyo, in babu shi nan take za ka gani.

Sai lambobi, dan Allah ki kiyaye. "Da wuri", "nan ba da jimawa ba", "kaya da yawa", duk kowa da yadda zai fassara. Ki sa rana, ki sa ƙarfe, ki sa adadi da ma'auninsa. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam ɗayan kuma ya ɗauka wani ma'auni ne daban mai suna newton. Kwanan wata ma haka, 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu, don haka ki rubuta sunan watan da haruffa. Kuma saƙo ɗaya buƙata ɗaya, in kika cusa uku zai amsa mai sauƙin ya manta sauran.

TAMBAYA: Anti ni saƙon murya ya fi min sauƙi da kwastomomi, akwai aibu ne?
Daga wani ɗan kasuwa

AMSA: Babu aibu Malam in hira ce ko lallashi, murya ma ta fi taushi. Amma yarjejeniya ba a barinta a murya, don ba a iya bincikota, kuma ba wanda zai sake sauraron minti biyar don neman lamba ɗaya ranar da gardama ta tashi. Kuna gama magana ka bi shi da layi uku a rubuce: abin da kuka amince, adadi, ranar kawowa, sannan ka ce "dan Allah ka tabbatar min haka ne", kar ka ɗaura kaya sai ya amsa.